Ga mai tambaya kan zanen Corot da ya yi kamar ya dushe

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce kin ga wani zanen Corot, mai zanen nan Bafaranshe, a waya, tafki da bishiyoyi, launin duk ya koɗe, babu abin da ke faruwa a ciki, kuma kin rasa dalilin da ya sa ake cewa zanen daji da ƙauye na Faransawa kamar waƙa yake. Ni zane nake koyarwa, kuma na daɗe ina bin aikin wannan bawan Allah, don haka bari in faɗi abin da na gani.

Waya tana cin amanar irin wannan zane. Ƙarfinsa yana cikin ɗan bambancin da ke tsakanin toka-toka da toka-toka, allon waya kuwa yana haɗe su ya mai da su launi ɗaya. Wanda kika bayyana ina kyautata zaton Souvenir de Mortefontaine ne, wato tunawa da wani wuri mai suna Mortefontaine, na 1864, da ke gidan tarihi na Louvre a Paris. Na tsaya a gabansa. Faɗinsa bai kai mita ɗaya ba. Wata ƙatuwar bishiya a dama ta baje rassa ta cinye fiye da rabin kyallen, a hagu kuma ga wata siririya kusan babu ganye, mace ta miƙe tana ɗaga hannu gare ta, yara biyu a gindi. Idan kika matsa kusa, za ki ga ba a zana ganyen ɗaya-ɗaya ba, buroshi ne kawai ya shafa ya wuce, sai ɗige-ɗigen haske a kan ciyawa. Ja ɗan kaɗan ne, a tufafin matar, kuma shi ke riƙe ido kada ya ɓace cikin ruwan da ke baya.

Wannan natsuwar aiki ce aka yi, ba rashin iyawa ba. Corot ya fara zane gadan-gadan yana da shekara 26, bayan ya bar sana'ar sayar da yadi da mahaifinsa ya sa shi. Daga 1825 zuwa 1828 yana Italiya yana zana abin da ke gabansa a fili, cikin rana. Ki nemi ƙaramin zanensa na gadar Narni na 1826: haske tar, inuwa a yanke, kowane tudu a wurinsa. Mutumin da ya san haske haka, shi ne bayan kusan shekara arba'in ya zauna a ɗaki ya zana tafki da ka, ya zubar da duk abin da zuciya ba ta riƙe ba. Yana fara tsara duhu da haske, launi ya biyo baya. Bai bar baƙi ya yi baƙi ƙirin ba, bai bar fari ya yi fat ba. Shi ya sa babu abin da ke yi miki tsawa a zanen.

Ba shi kaɗai ba ne. A ƙauyen Barbizon, bakin dajin Fontainebleau, masu zane Théodore Rousseau da Millet suka zauna. Millet ya koma can a 1849. Daubigny kuwa a 1857 ya mai da jirgin ruwa ɗakin aikinsa, yana bin kogunan Oise da Seine yana zana gaɓa daga tsakiyar ruwa, kuma in don ni ne, wasu kogunansa sun fi na Corot shiga rai. Fenti cikin bututun ƙarfe, da aka ƙirƙiro a 1841, ya sauƙaƙa fita aiki waje. A lokacin kuma ana rusa tsoffin unguwannin Paris ana shimfiɗa manyan tituna, mutanen birni suna ƙishirwar wurin da babu hayaniya. Masu zanen nan sun ƙaunaci dajin har suka yi ta matsa wa hukuma, a 1861 aka keɓe sama da hekta 1,000 aka hana saran bishiyoyinsa.

Gaskiya ɗaya da ba zan ɓoye miki ba: da kasuwa ta buɗe wa Corot a ƙarshen rayuwarsa, ya yi ta maimaita tafki da hazo, almajirai suna taya shi, kuma jabun zanensa sun yi yawa ƙwarai. Ba duk abin da aka rubuta wa sunansa a intanet ne ya cancanci yabo ba.

Abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne su fita bakin fadama da sassafe lokacin hunturu, su lura yadda hazo ke cinye bishiyar nesa ya bar ta kusa, yadda kore ke komawa ruwan toka tun kafin a kai gaɓar can. Wanda ya ga wannan da idonsa ba ya buƙatar dogon bayani kan Corot. Ke ma ki gwada, sannan ki buɗe shafin Louvre a kwamfuta, ki ajiye gadar Narni da Mortefontaine gefe da gefe, ki ɗan runtse ido ki duba inda duhu ya fi yawa a kowanne. In kin yi, ki dawo ki faɗa mana wanne ya fi kama ki.