Amsa: Waye ya sace 'yar shugaban kamfani a Detective Conan?

Kana tambaya ko mai hidimar gidan ne ya sace yarinyar a kashi na 2 na Detective Conan (katun ɗin Japan ne na binciken laifuka), wanda aka haska a 1996, tunda masu kallo sun rabu biyu a kai. E, shi ne, amma satar farko kawai. Yarinyar ce ma ta haɗa baki da shi don babanta ya rufe kamfani ya samu lokacinta. Bayan an ɓoye ta a otal sai wani ɓarawon gaske ya yi awon gaba da ita.

Abin da ke rikita mutane, ba sa lura cewa buƙatar ta canja: da farko rufe kamfani aka nema, daga baya aka koma maganar kuɗin fansa. Ka kuma duba karnukan gidan, ba su yi haushi ba lokacin satar farko, ka ga ɗan gida ne ke nan. Ni masu cewa labarin ya yi sauƙi ban ga laifinsu ba, sai dai yawancinsu kallo na biyu suke yi, sun riga sun san ƙarshen.