Tambayi Makanike: Kore ko ja, wane ruwa zan zuba wa tsohon babur?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Kawuna ya bar mini babur ɗinsa, Honda Transalp 600 ƙirar 1994, da shi nake zirga-zirga tsakanin Tawa da Ƙonni. Tun da na san babur ɗin ruwan fanfo kawu yake zuba masa a lagireto. Yanzu da bazara ta kankama allurar zafi sai hawa take yi, da na buɗe murfin kuma na tarar ruwan ya yi ja kamar na tabki. Na shiga kasuwa na ga jarkoki iri-iri, kore da ja da shuɗi. Mai shago ya ce ja ya fi ƙarfi, abokina kuma ya ce ƙasarmu ba a ƙanƙara, asarar kuɗi kawai zan yi. Wanne zan saya?

Daga mai karatu, Tawa

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Allah ya saka wa kawu da alheri, ya ba ka doki na gari. Tun 1987 Honda ta fara fitar da Transalp, kuma har yau injin nan mai tukunya biyu ba ya raki in an kula da shi.

Bari in fara da abokinka, don rabin maganarsa gaskiya ce. Wannan ruwa da makanikai ke kira glasiyol, in an haɗa shi rabi da rabi da ruwa, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai wajen digiri 37 ƙasa da sifili. Ko a tsakiyar hunturu Adar ba ta san wannan ba. Amma ba don sanyi muke sayensa ba a nan. Ɗauko butar shayinka ka leƙa cikinta. Ka ga farin abin nan da ya kwanta a gindi, wanda sai an kankare? Gishirin ƙasa ne da ke cikin ruwan rijiya da na fanfo, wuta ta tafasa ruwan ta bar shi. Abin da ya yi shekaru yana kwanciya ke nan a cikin lagireton kawu, wanda hanyoyin ruwansa ba su kai kaurin tsinken tsintsiya biyu ba. Jan da ka gani kuwa tsatsa ce. Glasiyol yana ɗauke da magungunan da ke hana ruwa cin ƙarfe da alminiyom, sannan yana ɗaga tafasa: ruwa zalla a digiri 100 yake tafasa, haɗin rabi da rabi sai wajen 107, in kuma murfin lagireto na riƙe iska yadda ya kamata, sai ya wuce 120 bai tafasa ba.

Shi kuma mai shago, kaya yake son sayarwa. Launi rini ne kawai da kamfani ya ɗiga a ciki, babu wata doka da ta ɗaure kowa a kansa. A da can, kore yana nufin tsohon haɗi, wanda ake rubuta wa IAT, mai sinadarin silikat, ja ko ruwan lemo kuma sabon haɗi ne mai suna OAT, wanda ya fi daɗewa. Yau kana iya sayen kore biyu, cikinsu ya sha bamban. Juya jarkar ka karanta bayanta.

Ga abin da za ka nema a rubuce: asalinsa glikol ne, wato sinadarin da ake yin glasiyol da shi, ya dace da injin alminiyom, kuma an ce "sans silicates", wato babu silikat. Nan ne babur ya rabu da tsohuwar mota. Littattafan Honda na babura sun yi gargaɗi cewa ruwa mai silikat yana iya cinye abin toshewar da ke hana fanfon ruwan inji yoyo kafin lokacinsa, ko ya toshe hanyoyin lagireto, sun kuma hana ruwan fanfo. Fanfon ruwan babur ɗan ƙarami ne, yana gudu ƙwarai, kuma na naka ya haura shekara 30 yana juyawa. In ya lalace, kana iya karaɗe kasuwar Katako ta Yamai da ƙafa ba ka samu madadinsa ba, sai an aiko maka daga waje.

Duba kuma ko an rubuta "prêt à l'emploi" ko "concentré". Na farko a haɗe yake, zuba kawai. Na biyu sai ka raba daidai da tataccen ruwa, "eau déminéralisée". Kada ka ce bari in zuba shi tsantsa don ya fi aiki. Glikol bai kai ruwa iya kwasar zafi ba, tsantsarsa ƙara wa inji zafi yake. Kada kuma ka tsinka shi ya yi ƙasa da kashi 40 cikin ɗari, maganin tsatsar zai yi rauni. A nan ka yi hattara da kalmar "ruwan batir". Iri biyu ake kira da sunan nan a kasuwa, tataccen ruwa da kuma asid. In ka aiki yaro, nuna masa rubutun.

Abin da ba na so ka yi shi ne ka zuba sabo a kan tsoho. Ni na taɓa yi, ba labari aka ba ni ba. Wani ya kawo mini babur a garejina nan Yamai yana sauri zai kama hanya, ruwansa ya ragu, na ɗauko ragowar wani ja na cika masa a kan korensa. Bayan ƴan makonni ya dawo yana tura babur. Da na cire tiyo, abin da ya fito kamar koko ya kwana. Yini guda na yi ina wanke lagireto, ban karɓi ko dala ba, ga kunya. Ba kowane haɗi ne ke yin haka ba, amma tunda ba ka san abin da ke ciki ba, zubar da shi duka.

Bari inji ya huce sarai, don murfin lagireto mai zafi ya ƙona fuskoki da yawa. Kwance ƙusar zubar da ruwa da ke jikin fanfo, ka tare a roba. Cika da tataccen ruwa, tada inji ya ɗumama, bari ya huce, zubar. Maimaita har ruwan ya fito garau, naka zai iya kai sau huɗu ko biyar. Wanke ƙaramin tankin ajiya shi ma. Sannan ka zuba sabon a hankali, kana ɗan girgiza babur, ka bar inji yana aiki murfi a buɗe har kumfar iska ta daina tasowa. Wajen lita 2 zai ci. Bayan shekara 2 ka sake, ko da jarkar ta yi alkawarin 5. Tsohon ruwan kuma kada ka watsa a tsakar gida: glikol yana da zaƙi, kuma guba ne mai kashe ƙoda. Akuya za ta lasa, yaro mai rarrafe ma haka.

In ka yi duk wannan allura ta ci gaba da hawa, to ba ruwa ne matsalarka ba. Duba ko fanka na tashi, ko laka da ƙwari sun toshe fuskar lagireto, ko robar murfin ta tsage. A ƙarƙashin fanfon ruwa akwai ɗan rami, in yana ɗiga to abin toshewar ya tafi. In kuwa man inji ya koma kamar shayi da madara, ajiye babur ɗin, kada ka sake tada shi sai makanike ya buɗe.

TAMBAYA: Maigida, ni ɗan kabu-kabu ne, Kasea nake ja. Ina ake zuba wannan ruwan? Injin yana zafi har ya ƙona mini ƙafa.

Daga mai karatu, Tawa

AMSA: Babu wurin zubawa, ƙanena, naka iska ce ke sanyaya shi. Tsagogin nan da ke jikin tukunyar inji su ne lagiretonka, ka riƙa goge musu laka da maiƙo, ka canza man inji a kan kari. Na san kuna kwara masa ruwan leda in ya ɗau zafi da azahar. Ku daina, ƙarfe mai zafi yana iya tsagewa. Samu inuwa ka kashe shi minti 10, ruwan ledar kai ka sha.