Motata tana shanye ruwa tana zafi, ina ruwan yake tafiya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da Toyota Corolla ƙirar 2006. Kusan wata guda ke nan duk bayan kwana biyu sai na ƙara mata ruwa kamar lita ɗaya. In ina gudu a bayafas lafiya lau, amma da na shiga cunkoson Bakin Ruwa ko Kawo sai allurar zafi ta fara hawa. Na leƙa ƙarƙashinta ban ga ɗigo ba. Wani bakanike ya ce a cire tamostat a haɗa fanka dairek, wani kuma ya ce gasket ne, sai an sauke top. Wanne zan bi? Daga mai karatu a Rigasa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka bi ko ɗaya tukuna. Duk su biyun sun yanke hukunci ba tare da sun nemo inda ruwan yake fita ba. Mota mai lafiya takan yi watanni ba a ƙara mata ruwa ba, don haka lita ɗaya a kwana biyu na nufin akwai ƙofar da yake bi.

Rashin ganin ɗigo kada ya ruɗe ka. Ƙaramar ɓula ba ta buɗewa sai inji ya yi zafi, ruwan ya matse. Yana fitowa sai ya faɗa kan ƙarfe mai zafi ya bushe kafin ya kai ƙasa. Amma yakan bar shaida: wani busasshen gari fari-fari, ko ja-ja in kulan (ruwan sanyaya inji na musamman) ja ne a ciki. Shi za ka nema da tocila da sassafe, kafin ka tayar da motar. Na ce da sassafe ne saboda murfin lagireto ba a buɗe shi da zafi. Akwai yaron da ya koyi aiki a hannuna, ya sa tsumma ya murɗe murfi mota na tafasa, har yau tabon yana nan daga wuyan hannunsa zuwa gwiwar hannu.

Fara da murfin nan ɗin, don shi ne mafi araha kuma shi aka fi rainawa. A samansa za ka ga an rubuta 0.9 ko 1.1, wato ƙarfin matsin da yake riƙewa. Ruwa a tukunya yana tafasa a wajen digiri 100, amma matsin murfin yana ɗaga shi zuwa kusan 120. In robarsa ta tsage ko sifirin ya saki, ruwan zai tafasa da wuri, ya tura zuwa ɗan tankin robar da ke gefe, ya zube kana cikin tafiya ba ka sani ba. In za ka saya, ka tafi da tsohon a hannu, lambar ta zo daidai.

Daga nan sai kan lagireton. Na wannan Corolla roba ne aka ɗamke shi da alminiyom, kuma shekaru da zafin Maris da Afrilu na Kaduna kan sa ya yi tsaga siririya kamar gashi, galibi kusa da wuyan murfi. Matsa hos na sama da na ƙasa da hannu: wanda ya kumbura ko ya yi laushi kamar burodi ya gama aiki. Duba bakin kilif-kilif. Watafam, wato famfon da ke zagaya ruwa cikin inji, yana da ɗan rami a ƙasansa, in sil ɗinsa ya mutu ta nan yake zubarwa, za ka ga sawun ruwa ya gangaro bayan fulin. Ka kuma taɓa kafet ɗin gaban fasinja, in da danshi, hita ce ke yoyo. In duk ido bai gani ba, nemi garejin da ke da famfon gwaji mai agogo. Ana ɗaura shi a bakin lagireto a hura iska inji na sanyi, ɓular da kanta za ta tona kanta.

Zafin da take yi a cunkoso kawai ya sa ina zargin fanka ma. Kunna esi tana tsaye, ya kamata fanka ta tashi. In shiru, a duba fiyus da rile da motar fankar.

Gasket, wato shimfiɗar da ke tsakanin top (kan inji) da jikin injin, in ya lalace yana da alamominsa: farin hayaƙi mai kauri a salansa ko bayan inji ya ɗumama, baƙin mai ya koma kalar shayi da madara, kumfa na ɓulɓulowa a bakin lagireto ba tsayawa. In babu ko ɗaya kuma an samu yoyo a waje, kada ka yarda a taɓa top. Amma ka sani, in ka ci gaba da tuƙa ta tana zafi, top ɗin alminiyom ne, zai lanƙwashe, gasket ɗin da ba ka da matsalarsa yau sai ya same ka.

Cire tamostat kuwa ina adawa da shi ƙwarai. Ba ya toshe ɓula. Aikin tamostat shi ne ya buɗe wa ruwa hanya zuwa lagireto a wajen digiri 82, in babu shi inji zai daɗe yana aiki a sanyaye, ya riƙa shan mai. In ana zarginsa, a jefa shi cikin ruwan zafi a ga ko zai buɗe, in ya ƙi a sa sabo. Haka masu fasa ƙwai ko zuba garin barkono a lagireto don toshe yoyo, ƙananan bututun suke toshewa.

Bayan gyara a wanke cikin, a daina zuba ruwan rijiya ko na burtsatse, don tsatsa da datti yake tarawa. A sa kulan, in mai kauri ne a haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batir, ba asid ba. Yana da zaƙi amma guba ne, kada a bar shi inda yara ko awaki za su kai baki. A tayar da inji a sanyi murfi a buɗe, hita a kunne, har iskar ciki ta gama fita, a cike a rufe. Ka sa alama da biro a jikin tankin robar, ka riƙa dubawa kowace safiya har mako guda. In ruwan ya sauka ƙasa da alamar, sake rubuto mini ka faɗi abin da aka canza.