Fatawa: Ajiye kyanwa don ɗebe wa dattijuwa kewa

Tambaya: Allah ya gafarta Malam, daga Tudun Wadan Zariya nake. Tun da Hajiyarmu ta fita takabar mahaifinmu ta daina cin abinci sosai, barci ya ƙaurace mata, likita ya ce ciwon damuwa ne, ya ɗora ta a kan magani. Wata baƙar kyanwa ta saba da ɗakinta, Hajiya na ba ta abinci, tana yi mata magana, har mun fara ganin murmushinta. Yayanmu ya ce a kore ta, wai baƙar kyanwa aljani ce, kuma tana ɓata tsarki. Mene ne hukunci?

Amsa: Bismillahir Rahmanir Rahim. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya ba Hajiya lafiya. 'Yar'uwa, ajiye kyanwa halal ne, kuma a halin da Hajiya ke ciki ban ga dalilin raba ta da ita ba.

Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Kabsha 'yar Ka'abu ta zuba wa Abu Ƙatada ruwan alwala, kyanwa ta zo, ya karkata mata ƙwaryar har ta sha. Da ya ga Kabsha na mamaki, sai ya faɗa mata Annabi (SAW) ya ce kyanwa ba najasa ba ce, tana cikin masu kai-komo a tsakaninku. Don haka yawunta, gashinta da sauran ruwan da ta sha duk masu tsarki ne, sai in an ga najasa a bakinta lokacin da take sha, kamar jinin ɓera. Fitsarinta da kashinta kuwa najasa ne a mazhabarmu ta Malikiyya. In sun taɓa darduma ko zane, a wanke wurin kawai.

Maganar aljani zato ne, ba a gina hukunci a kansa. Hadisin da ya ambaci baƙi a kan kare ya zo, ba kyanwa ba. A bar Hajiya da azkar ɗinta na safe da yamma, sun wadatar.

Abin da kuka gani a fuskarta ma yana da asali a Sunna. Ƙanin Anas ɗan Malik, Abu Umairu, yana da ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu yaron ya shiga baƙin ciki, Annabi (SAW) ya riƙa lallashinsa yana tambayarsa labarin tsuntsun. Bai ce masa ai dabba ce kawai ba. Daga wannan hadisi na Bukhari da Muslim malamai suka halatta ajiye tsuntsu a keji muddin ana ciyar da shi. Mai ciwon damuwa, cikin abin da kan kuɓuce masa akwai tsarin yini: ba ya ganin dalilin tashi daga shimfiɗa. Kyanwar da ke kuka a bakin ƙofa bayan asuba tana tayar da Hajiya, ta sa ta fito tsakar gida ta sha hantsi, ta ji cewa har yanzu akwai rai da ke buƙatarta. Shafa bayanta kuma na kwantar da hankali. Ga lada a kai, domin Annabi (SAW) ya ce akwai lada cikin kyautata wa duk mai rai.

Sharaɗin shi ne a kiyaye haƙƙin kyanwar. Ya zo a hadisi cewa wata mata ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Ku kai kyanwar asibitin dabbobi na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare, wadda ake farawa daga wata 3 da haihuwa, a riƙa sabuntawa yadda likita ya tsara, a kuma ba ta maganin tsutsar ciki duk wata 3. Ku zuba mata yashi a tsohon kwano nesa da madafa don ta riƙa kashi a ciki, a kwashe kullum, a wanke hannu da sabulu. Kwashewar kullum na da dalili: ƙwayar cutar da ke cikin kashin kyanwa sai ta yi aƙalla kwana 1 a waje kafin ta iya kama mutum. Mai juna biyu kada ta yi wannan aiki, cutar na iya illata ɗan tayi. Kada a ba kyanwar farasitamol ko kaɗan, yana kashe ta. Miya mai albasa da tafarnuwa na lalata mata jini, madarar shanu kuma na sa yawancinsu zawo. Tuwo kaɗai ba ya riƙe ta, tana buƙatar kifi ko nama dafaffe. A kau da maganin ɓera daga gidan. In ta ciji wani ko ta yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti ranar.

Ga abin da ya fi damuna. Kada sauƙin da kuka gani ya sa a ajiye maganin likita. Irin wannan magani kan ɗauki makonni kafin ya kama jiki, yanke shi farat ɗaya kuma na iya dawo da ciwon. In Hajiya ta fara cewa gara ta mutu, ko ta ƙi abinci gaba ɗaya, ku kai ta sashen likitocin ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke Shika ba tare da jira ba. Kuma kyanwa ba ta sauke muku haƙƙin uwa. Ku raba kwanakin mako tsakaninku, kullum a samu wanda zai ci abincin dare tare da ita, a kawo mata jikoki ranar Juma'a. Yayanku da ya damu da lamarin, shi ya ɗauki kai kyanwar Samaru.

Wallahu a'alam.