Amsoshin Tambayoyinku: Keken da Ya Dace da Yawon Karkara

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a birnin Kano, kuma ni da abokaina biyu mun ƙuduri aniyar riƙa fita a kan keke duk ƙarshen mako, mu bi hanyoyin ƙauyukan Kura da Kadawa, wata rana ma mu dangana da Tiga. Kuɗin keke ɗaya na tara, amma na rasa wanda zan ɗauka cikin uku: sabon keke marar giya irin na iyayenmu, ko gwanjo mai giya da faffaɗar taya, ko kuwa wani siririn keken tsere da mai sayarwa ya rantse mini cewa babu kamarsa wajen gudu.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka fara da cire keken tsere daga lissafi, ko da kuwa mai sayarwar gaskiya ya faɗa maka game da gudunsa. Domin kwalta mai santsi aka ƙera shi, kuma faɗin tayarsa bai wuce milimita 23 zuwa 28 ba, alhali hanyoyin da kuke son bi burji ne da burtali da turbar da ta ratsa gonaki, inda rairayi yake taruwa a kowace kwana. Siririyar taya nutsewa take yi a rairayi, sai mahayi ya sauka ya tura, ga tsidau da ƙayar aduwa da ta bagaruwa waɗanda ba sa yi mata da wasa. Zamansa ma bai dace da buƙatarka ba, domin a sunkuye ake tuƙa shi, ido a kan tayar gaba, kai kuwa kallon gonakin shinkafa da garken shanu da balbela ne ya fito da kai daga gida.

Keken iyayenmu, irin su Raleigh da Phoenix, ba abin rainawa ba ne, kuma ina ganin girmansa ƙwarai. Shi ne ya yi shekara da shekaru yana kai buhun hatsi kasuwa yana dawo da itace, zamansa a miƙe yake, kariyarsa, wato mazaunin kaya na baya, tana ɗaukar kaya, kuma da wuya ka shiga ƙauyen da mai faci bai san ciki da bayansa ba. Aibinsa biyu ne: nauyinsa yakan kai kilo 20, sannan ba shi da giyar da za ka sassauta wa gwiwarka da ita idan ka haɗu da iska ko rairayi mai zurfi bayan ka riga ka gaji. Wanda tafiyarsa ba za ta wuce kilomita 20 a yini ba, wannan keken ya ishe shi.

Tunda kai kana hangen Tiga, shawarata ita ce ka ɗauki gwanjon mai giya, amma da sharuɗɗa. Ka nemi mai taya inci 26, wadda faɗinta ya kai milimita 45 zuwa 50, saboda ita ce ake samun tayarta da tiyub ɗinta cikin sauƙi. Gangar jikinsa ta kasance ta baƙin ƙarfe, domin idan ta tsage kowane mai walda zai ɗinke ta, saɓanin ta alminiyam wadda sai an nemi masu aikinta na musamman. Maganaɗisu zai raba maka gardama, yana kama ƙarfe, ba ya kama alminiyam. Ka guji mai sifirin gaba da baya, wato ƙarfen da yake lotsawa don rage girgiza, domin a keke mai araha nauyi kawai yake ƙarawa, kuma yana cinye ƙarfin da kake takawa. Yawan giya kada ya ruɗe ka, bakwai masu shiga daidai sun fi 21 masu tsalle. Ka kuma duba bakin da ake ba tiyub iska: ya zama mai kauri irin na mota da babur, ba siririn nan na keken tsere ba, wanda famfon mai facin ƙauye ba zai kama shi ba. Duk waɗannan sharuɗɗa manufarsu ɗaya ce, wato duk inda keken ya tsaya da kai a samu wanda zai iya tayar da shi.

Kafin ka biya, ka ɗaga kowace taya ka juya ta ka ga ko tana karkata, ka latsa wayoyinta ka ji ko akwai sakakku, ka duba mahaɗar ƙarfe ko akwai tsagewa ko sabon fenti a wuri ɗaya, wanda sau da yawa walda yake ɓoyewa. Sannan ka hau ka zagaya, ka shiga kowace giya, ka kama birki biyun. Tsawon sirdi yana daidai ne idan ka ɗora dunduniyarka a feda tana can ƙasa, ƙafarka ta miƙe sak. Kada kuma ka ƙarar da kuɗinka duka a kan keken. Ka rage abin da zai saya maka sababbin tayoyi, da tiyub biyu na ajiya, da kayan faci, da ƙaramin famfo, da kariya.

Game da hanya, ban yarda ku taka keke a babban titin Kano zuwa Zariya ba, saboda tirela da tankar mai. Ku sa kekunan a mota zuwa Kura, mai nisan kimanin kilomita 30 daga birni, ku fara daga can. Madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka kammala a 1974, ita ce take shayar da gonakin rani na Kura da Bunkure da Garun Malam, kuma hanyoyin da suke bin gefen magudanan ruwan a shimfiɗe suke, babu hawa babu gangara. A lokacin hunturu iska daga arewa maso gabas take kaɗawa, saboda haka ku tsara tafiyar yadda za ku fuskance ta da safe kuna da ƙarfi, ta turo ku ta baya a kan hanyar dawowa.

Tambaya: Ni uwa ce a Dutse. Ɗana mai shekara 17 ya dame ni da cewa shi da 'yan ajinsu za su je Birnin Kudu a kan keke su ga zanen da ke jikin duwatsu, har su kwana. Yana da keke. Me ya kamata in saya masa, kuma in bar shi ya tafi?

Amsa: Hajiya, ki bar shi ya tafi idan akwai babba a cikinsu, kuma an san gidan da za su sauka tun kafin su tashi. Idan ba su da ɗan'uwa a can, babban nasu ya kai su su gaida mai unguwa, ya san da zamansu. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga kaka zuwa ƙarshen hunturu, wato Nuwamba zuwa Fabrairu. Zafin bazara haɗari ne ga mai taka keke, damina kuwa takan yanke hanyoyin fadama. Su tashi bayan sallar asuba da gari ya waye, su huta a inuwa daga azahar zuwa la'asar, kuma magariba ta same su a masauki. Su tambayi direbobin tasha lafiyar hanya a ranar da za su tafi, kada su dogara da labarin makon jiya.

Sayayyar ba ta da yawa. Hular kwano ta keke ita ce kan gaba, kuma ki je da shi ya gwada, domin wadda ta yi masa yawa ba za ta tsare kansa ba. Sai fitilar gaba da jar fitilar baya, da gorar ruwa biyu da za su ɗauki lita 3 a haɗe, da takunkumin ƙura, da dabino da gyaɗa na guzuri. Kada ya goya kaya a baya, a ɗaure su a kariya. Ki kuma sa ya cire taya ya yi faci da hannunsa a tsakar gida, kina kallo, kafin ranar tafiya.

Tambaya: Ni ɗan fansho ne, gwiwata ba ta da ƙarfi sosai. Ko keke mai batir zai yi mini wannan yawon?

Amsa: Zai yi, Baba, matuƙar za ka tafi ka dawo a kan caji ɗaya. Nisan da mai sayarwa zai faɗa maka na kwalta ne, rairayi da iska suna rage shi sosai, don haka ka juyo gida tun batirin bai kai rabi ba, saboda idan ya mutu a hanya keken ya fi na gargajiya nauyin turawa. Kada ka sayi gwanjo sai an bar ka ka cika batirin ka yi doguwar tafiya da shi, domin batirin ne mafi tsada a jikin keken, kuma ka tabbata akwai wanda yake sayar da irinsa a garinku.