Tambaya da Amsa: Wace ƙaramar bindiga zan saya don kare kaina?

Wasiƙun wannan makon sun taru a kan abu guda, wato ƙaramar bindigar da mutum zai riƙa ɗauka a ɓoye a jikinsa don kare rai. Duk waɗanda suka rubuto mazauna Amurka ne, inda doka ta ba da wannan dama bisa sharuɗɗa, saboda haka amsoshin a kan dokar can suke. A ƙasashe da yawa ba haka abin yake ba. Birtaniya, alal misali, ta haramta wa farar hula mallakar akasarin ƙananan bindigogi tun 1997, bayan kisan yaran makaranta a Dunblane a 1996.

"Malam, aikin dare nake yi, ina tashi wajen ƙarfe biyu. Na samu lasisin ɗaukar bindiga a jiharmu, amma ban taɓa mallakar ko ɗaya ba. Na ga wata 'yar mitsitsiya, Ruger LCP, mai shiga aljihu ba wanda zai sani. In saye ta?"

Ɗan'uwa, dakata tukuna. Abin da ya ja ka gare ta shi ne zai ba ka wahala. Wadda ka gani bindiga ce mai kyau, tun 2008 take kasuwa, nauyinta bai kai giram 300 ba, tana cin harsashi shida na .380 (irin wannan lamba, kamar 9mm ko .45, sunan girman harsashi ce). Amma ba bindigar ɗan koyo ba ce. Duk lokacin da harsashi ya fita, bindiga takan yi shuri ta koma baya, kuma nauyin ƙarfe ne ke shanye wani ɓangare na shurin. Idan ba nauyi, tafin hannunka ne zai sha duka. Ga mariƙinta gajere, ƙaramin yatsanka yana lilo a iska. Ga tazarar da ke tsakanin saitin gaba da na baya kaɗan ce, 'yar karkata kaɗan sai harsashi ya bar inda ka nufa. Na sha ganin wanda ya sayi irin wannan, ya je filin koyon harbi sau ɗaya, hannu ya yi tsami, daga nan bai sake komawa ba. Yana yawo da ita kullum, amma bai iya ta ba. Wannan ya fi ba ni tsoro a kan wanda ba shi da komai a aljihu.

Can ɗaya gefen kuma akwai irin Glock 19, wadda ta fito a 1988, mai cin harsashi 15 na 9mm, nauyinta wajen giram 670 kafin a zuba harsashi. Tana da daɗin harbi, tana yafe kuskure. Matsalarta ita ce bayan sati uku tana danne maka ƙugu, sai ka fara cewa yau dai kusa zan je, bari in bar ta a gida.

Tsakanin waɗannan biyun mafi yawan mutane ke samun tasu. A 2018 kamfanin SIG Sauer ya fitar da P365, wadda ta cusa harsashi goma na 9mm a jikin da bai wuce giram 500 ba, sai sauran kamfanoni suka bi sahu: Springfield Hellcat mai cin 11 a 2019, Glock 43X mai cin goma ita ma a 2019. Ba zan ce maka ga wadda za ka saya ba, domin ban ga hannunka ba. Filayen koyon harbi da yawa suna ba da hayar bindiga. Ka je da malami, ka gwada uku ko huɗu a rana ɗaya. Ka duba ko yatsanka yana kai wa kunama ba tare da ka murɗa hannu ba. Ka duba ko babban yatsa yana iya danna maɓallin sakin gidan harsashi. Sannan ka tsaya a tazarar mita biyar zuwa bakwai, ka ga da wacce kake iya tara harbi biyar a wurin da bai wuce faɗin faranti ba. Wadda ta ba ka wannan ita ce taka, ko da ba ita ce ta burge ka a cikin gilashin kanti ba.

Wani abu da sababbi ba sa lura: mariƙi ne ke turo riga ya tona asiri, bakin bindigar kuwa yana kwance cikin wando. Don haka rage tsawon baki ba ya ƙara ɓoyewa sosai, sai dai ya rage maka saiti.

Kada ka ƙarar da kuɗinka a kan bindigar kaɗai. Kana buƙatar kube mai tauri, na roba mai ƙarfi da ake kira Kydex ko na fata mai kauri, wanda aka ƙera don wannan samfurin, mai rufe kunama ruf. Da yawa daga bindigogin zamani, irin Glock, ba su da makullin da ake turawa da yatsa. Matsin wajen kilo biyu da rabi a kan kunama ya isa ta tashi. Kenan kuben ne makullinta. Sa ta tsirara a aljihu tare da makullan mota ganganci ne. Kuma mayar da ita kube a hankali ake yi, ana kallo, domin bakin riga na iya shiga ya ja kunamar. Sai bel mai ƙarfi, sai kuɗin darasi da na harsashin atisaye kowane wata.

Tunda aikin dare kake yi, bari in ƙara wannan. Daga ranar da ka ɗaura bindiga, haƙuri ya zama maka dole. Wanda ya zage ka a hanya, ka wuce. Doka a ko'ina cikin Amurka tana yarda da harbi ne idan akwai barazanar kisa ko mummunan rauni nan take, kuma idan kai ka tsokano rigimar, da wuya kotu ta saurari uzurinka.

"Abokina ya ce 9mm wasan yara ne, in ba .45 ba ba ta tsayar da mutum. Gaskiya ne?"

Wannan gardama ta girme mu duka. Harsashin 9mm Georg Luger ne ya ƙirƙiro shi a farkon ƙarni na 20, shi kuma .45 aikin John Browning ne, sojan Amurka suka karɓe shi a 1911. Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta taɓa yin tunani irin na abokinka. Bayan musayar wuta a Miami ranar 11 ga Afrilu, 1986, inda jami'anta biyu suka rasu, ta juya ga harsashi mafi ƙarfi, 10mm, daga baya kuma .40 da ya fito a 1990. Daga wannan lamari ne ta kafa ma'aunin da har yau ake amfani da shi, cewa harsashi ya nutse inci 12 zuwa 18 a cikin wani daskararren sinadari mai kwaikwayon naman jiki. Da shekaru suka ja, ƙirar harsashi ta inganta, 9mm ya cika ma'aunin, hukumar ta dawo gare shi. A 2016 ta ba Glock kwangilar bindigogin 9mm. Dalilinta a fili yake: shuri kaɗan, harsashi da yawa a ciki, jami'ai sun fi samun abin da suka nufa.

Ka ɗauki 9mm. Ya fi araha, ke nan za ka fi yin atisaye. Don ɗauka a jiki, masana suna zaɓar harsashi mai ramin baki, wanda ke buɗewa idan ya shiga, don kada ya ratsa ya sami wanda ba ruwansa. Ka harba isasshe daga irin wanda za ka ɗauka, ka tabbata bindigarka ba ta cijewa da shi. Ka kuma duba dokar jiharka, domin New Jersey ta taƙaita irin wannan harsashi, California da New York kuma ba su yarda da gidan harsashi mai cin fiye da goma ba.

"Ni mace ce, ina fama da ciwon gaɓoɓi a hannu. Ba na iya jan saman fistol ɗin maigidana baya. Ya ce zai saya mini ƙaramar libarba in riƙa sawa a jaka. Muna da yara uku a gida."

'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Maigida da kyakkyawar niyya ya faɗa, kuma shawara ce da ake yawan ba mata, amma ina roƙon ki kada a saya sai kin gwada. Ƙaramar libarba, wato bindiga mai gidan harsashi mai juyawa, irin Smith & Wesson 642 mai cin harsashi biyar na .38, ba ta da saman da ake ja baya don ɗana harsashi kamar fistol, wannan gaskiya ne. Sai dai kunamarta tana da tauri, matsin da take so yakan kai kilo biyar, ninki biyu na fistol ɗin zamani, kuma rashin nauyinta yana sa ta yi shuri mai zafi. Ga mai ciwon yatsu, an gudu ne ba a tsira ba.

Akwai bindigogin da aka yi musamman don irin hannunki. Smith & Wesson ta fitar da Shield EZ ta .380 a 2018, ta 9mm ta biyo baya a 2019. Samanta yana jawuwa da sauƙi, zuba harsashi ma haka. A nan .380 yana da amfani, domin jikin bindigar yana da ɗan girma, shurin kaɗan ne. Akwai kuma dabara: ki riƙe saman da tafin hannu gaba ɗaya kusa da ƙirji, ki tura mariƙin gaba da ɗaya hannun, bakin yana kallon inda ba kowa. Mata da yawa da suka ce ba za su iya ba sun iya da wannan. Ki nemi malama ko malami ya nuna miki.

Maganar jaka ce ta fi damuna. Jaka ita ɓarawo ke fara fizga. Jaka ake ajiyewa a kujera a juya baya, kuma hannun yaro ba ya raina zif. Idan ba makawa, sai jakar da aka yi don haka, mai aljihu na daban da kube a ciki, kuma ba ta barin kafaɗarki. A gida kuwa wurin bindiga biyu ne kacal: jikinki, ko akwatin ƙarfe a kulle. Saman kabad ba maɓoya ba ce, yara sun san gida fiye da yadda muke zato. Akwai ƙananan akwatuna masu buɗewa da lambobi ko zanen yatsa cikin daƙiƙa biyu.

Zan faɗi abin da ba a so a faɗa. Alƙaluman hukumar lafiya ta CDC sun nuna cewa a 2021 mutum 48,830 suka mutu ta hanyar bindiga a Amurka, kuma fiye da rabinsu su suka kashe kansu. Idan akwai wani a gidan da ke cikin matsananciyar damuwa, babba ko matashi, ko kuma ana yawan rigima mai zafi, a jinkirta sayen. Wadda ke gidan ma a kai ta ajiya wani wuri da doka ta yarda har sai lamarin ya lafa.

"Ni ɗalibi ne, da bizar karatu nake zaune. Zan iya saya? Yayana kuma yana da katin zama na dindindin da lasisi, yana so ya tuƙo mota ya kawo mini ziyara da tasa."

Kai dai a'a, ƙanena. Dokar tarayya ta hana wanda ya shigo da biza ta wucin gadi mallakar bindiga ko harsashi, sai a 'yan keɓaɓɓun yanayi, kuma kuskure a nan laifi ne babba da zai iya kai ka gidan yari, ya raba ka da karatunka. Kada ka dogara da maganar aboki ko ta mai kanti. Lauyan shige da fice za ka tambaya. Mai katin dindindin yana iya saya wajen dillali mai lasisi, idan ya kai shekara 21, ya cike fom 4473 na sayen bindiga, aka kuma binciki tarihinsa.

Shi kuma yayanka ya sani cewa lasisin jiha ba ya aiki a ko'ina. Ko bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2022 a shari'ar Bruen, wanda ya tabbatar da 'yancin ɗaukar bindiga a wajen gida, kowace jiha da nata tsarin. Fiye da rabin jihohin ba sa neman lasisi kwata-kwata, amma New York da New Jersey ba sa karɓar na wata jiha. Akwai dokar tarayya ta 1986 da ke kare mai wucewa kawai, idan bindigar ba harsashi a cikinta, tana kulle a but, kuma doka ta yarda masa da ita a inda ya taso da inda za shi. Wasu jihohi, irin Michigan da North Carolina, sun wajabta ya sanar da ɗan sanda cewa yana ɗauke da ita da zarar an tsayar da shi. Gine-ginen gwamnatin tarayya haramun ne, jami'o'i da yawa ma sun hana a harabarsu. Ya duba shafin hukuma na kowace jihar da zai ratsa kafin ya tayar da mota, in kuma a ɗakin kwanan ɗalibai kake, ya baro ta a gida a kulle.