Zani da majanyi ko jakar goyo? Amsa ga 'yar ƙanena

Assalamu alaikum 'yata. Ina gajiyar jego? Ya ƙarfin jiki, ya kuma angona? Allah ya raya mana shi, ya sa mai jinƙan iyayensa ne.

Saƙonki ya iso. Kin ce maigidanki ya sayo jakar goyo irin ta zamani, mai maɗauri a kafaɗa da ƙugu, wata ƙawarki kuma ta ba ki dogon ƙyallen nan mai miƙewa da ake naɗawa a jiki. Surukarki ta gani ta ce wannan ba goyo ba ne, su zani da majanyi suka sani, kuma ba ta son ta ga ɗanta a titi da jariri manne a ƙirji. Kina tambaya wanne ya fi, kuma ko barin zani barin al'ada ne. Na ga gara in rubuto miki a tsanake, don a waya kati zai ƙare magana ba ta ƙare ba.

Ki fara koyon goyo da zani da majanyi har hannunki ya faɗa. Ba don tsoron surukarki ba, sai don matar da ta iya goyon zani ita ce ke iya duban jakar da ake sayarwa ta gane mai kyau da ta banza. Duk abin da masu ƙera jaka ke ƙoƙarin kwaikwaya yana cikin goyon iyayenmu: yaro ya manne da jikin uwa babu rata a tsakani, ya zauna sama ba ya zazzago ƙugu ba, ƙeyarsa ta sami abin jingina, hancinsa a buɗe, cinyoyinsa a ware sun rungumi uwar, gwiwoyinsa sun ɗan ɗara mazaunansa tsawo, irin zaman kwaɗo. Likitocin ƙashi sun ce wannan zaman ne ya fi dacewa da gaɓar ƙugun jariri, saboda kan ƙashin cinya yana zama daram cikin gurbinsa a lokacin da gurbin bai gama ƙwari ba. An kuma lura gocewar wannan gaɓa ba ta da yawa a al'ummomin da ke goyo a baya, ta fi yawa a inda ake miƙe ƙafafun jariri a naɗe su tamau. Saboda haka in wata ta ce miki goyo ne ke sa ƙafar baka, kada ki saurare ta. Yawancin jarirai da 'yar lanƙwasa a ƙafa ake haihuwarsu, tana miƙewa da kanta wajen shekara 2. Wadda ta ƙi miƙewa ko take ƙaruwa, sau da yawa ciwon laushin ƙashi ne na ƙarancin kalsiyam ko bitamin D, maganinsa asibiti, ba sauke yaro daga baya ba.

'Yan matan yanzu da yawa sun raina majanyi, sai ka ga an soke zani ɗaya tal an fita unguwa. Wannan yana tayar mini da hankali ƙwarai. Zani shi ke rufe yaro ya tallafe bayansa da wuyansa, amma nauyin a kan majanyi yake. Shi ake bi da shi ta ƙarƙashin mazaunan yaro a zagayo gaba a ƙulle, ƙulli na gaske, ba soke ba. Soke yana warwarewa in kin sunkuya ko kin ɗaga hannu za ki hau mota. Ƙulli ba ya yi. A zamaninmu majanyi saƙi ne mai kauri, mata ke saƙa shi a gida, kuma yana cikin kayan da dangin mai jego ke haɗo mata. Saƙi ba ya santsi, yana kama jikin atamfa. In ba ki samu ba, tawul mai kauri ko fallen atamfar da ta sha wanki, a ninka shi, zai yi aikin. Gyale da shadda mai sitati da leshi da yadin nan mai sheƙi, duk ki bar su a akwati.

Zanin kansa ma da sauran magana. Yadi biyu ake so, na auduga zalla, wanda ya yi laushi. Mu da muka yi goyo lokacin da masaƙun Kakuri a Kaduna ke aiki ba mu san wannan damuwar ba. Tun 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles, wato KTL, daga baya masaƙun UNTL da Arewa suka biyo, atamfar da ke fitowa daga can auduga ce, tana shan gumi, tana ƙara laushi da wanki. KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi sahu, kasuwa ta cika da atamfa mai haɗin roba. Kyau a ido, amma ga santsi ga riƙe zafi, a watan Maris da Afrilu sai ki ga ƙurajen zafi sun feso wa yaro a wuya da ƙirji. In za ki saya, ki damƙe gefen a tafin hannunki ki saki: auduga tana yamutsewa, mai roba tana komawa sumul. In kuwa mahaifiyarki tana da tsofaffin zannuwa a ƙasan adaka, ki roƙe ta biyu, sun fi sabo.

To amma ba zan ɓoye miki aibin goyon baya ba, don ina son angona fiye da yadda nake son al'ada. Babbar matsalarsa ba kya ganin fuskar yaron. Jariri kafin wata 4 wuyansa bai yi ƙwari ba. In ya yi barci kansa ya rinjaya gaba har haɓarsa ta taɓa ƙirjinsa, hanyar numfashinsa tana matsewa, kuma ba zai iya ɗago kai ya ceci kansa ba, ba lallai ma ya yi kuka ba. A gidanmu ba a fara goya jariri sai cibiya ta faɗi ta warke, kuma tsohuwa ce ke fara goya shi, hannuwansa a ciki, zani ya hau har ƙeya, kansa a juye gefe, kumatu kwance a bayanta. Sannan gidan cike yake da mata, duk wadda ta gifta sai ta leƙa ta ce gyara masa wuya. Ke kuwa kina gidan haya ke kaɗai, maigida ya fita tun safe. Ba ki da masu leƙa miki. Don haka a watannin farko, in kin goya shi a baya, ki riƙa duba madubi, ki kai hannu ki taɓa hancinsa da haɓarsa, kuma kada goyon ya yi tsawo.

Sai maganar hijabi, wadda ba a cika son faɗa ba. Mace ta goya jariri ta zumbula hijabi har ƙasa, mai kauri, da rana tsaka, ta shiga layin rigakafi ko cunkoson Kasuwar Gumi, yaro yana ciki ba iska. Suturarki wajibi ce, numfashinsa ma wajibi ne. Ki nemi hijabi mara nauyi, ki riƙa ɗage shi ta gefen da fuskarsa take, in kin sami wurin zama ki sauke shi. In tafiya ta kama, ki hau Keke Napep, ki kwance shi ki riƙe a cinya, don kada ki jingina da shi a jikin ƙarfe. Babur kuwa da goyo, ina roƙonki ki bari. In direba ya ci birki ko kuka faɗi, yaron ne a waje ba abin da ya tare shi, ga bakin hijabi da zani da ke shiga taya.

A nan ne goyon gaba ya fi, kuma ki gaya wa surukarki cikin ladabi cewa asibiti ma da shi suke aiki. Jaririn da aka haifa bakwaini ko bai kai kilo 2 da rabi ba, nas-nas kan sa uwa ta kwantar da shi tsakanin nonuwanta, fata da fata, ta ɗaure shi da zani, ɗumin jikinta ya yi masa aikin kwalbar ɗumama bakwaini. Wani likitan yara ne, Edgar Rey, ya fara wannan a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya a 1978, lokacin da kwalaben asibitinsu suka yi kaɗan, yanzu kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a fara shi da zarar an haifi irin wannan jariri. Da zaninmu na gida ake yi. Ke ma da aka yi miki aiki aka ciro shi, ƙullin majanyi a kan ɗinki zai cutar da ke. Ki jira sai likita ya duba ya ce wurin ya warke, kafin nan goyon baya na kakanninsa ne. Kuma ko bayan kin warke, kada ki tamke zani a kan nono yana cike, ki shayar tukuna, don matsi yana iya toshe hanyar ruwan nono ya kawo kumburi da zazzaɓi. Zubewar nono da 'yan mata ke ɗora wa zani kuwa, ciki da shekaru ne suka fi kawo ta.

Dogon ƙyallen ƙawarki na waɗannan watannin farko ne. In kin koyi naɗinsa yana riƙe jariri sosai, kansa yana daidai inda za ki sunkuya ki sumbace shi, fuskarsa kina gani. Aibinsa biyu: ninki uku ne a jikin yaro, zafinmu ba zai ɗauka ba sai da hunturu ko damina, kuma da yaro ya yi nauyi yana saki. Kada ki taɓa goyon baya da mai miƙewa, yaro yana iya banƙarewa ya zame.

Jakar maigidanki kuwa sai na gan ta, don ba duka suka zama ɗaya ba. Tun 1973 kamfanin BabyBjörn na Suwidin ya fitar da tasa, daga baya irin su Ergobaby suka zo da mai faffaɗan mazauni da ɗamarar ƙugu, yau kasuwa ta cika da masu kwaikwayonsu, wasu har da sunan a jiki na jabu. Ki fara duba wurin zaman. In ya tallafe cinya daga bayan gwiwa zuwa bayan gwiwa, madalla. In siriri ne, yaro ya rataya ta tsakanin cinyoyi ƙafafu na reto, ki ajiye ta. Ki duba ko tana da ɗamara mai faɗi a ƙugu, don wadda kafaɗa kaɗai ke ɗauke da ita za ta karya miki baya kafin yaro ya yi wata 6. Ki ja kowane maɗauri da ƙarfi ki duba ɗinki, ki maƙala kowane makulli ki ji ya yi ƙara, ki fizge shi ki gani ko zai buɗe. A jikinta akwai rubutun nauyin da za ta ɗauka, yawanci daga kilo 3 da 'yan kai suke farawa, wasu kuma sai an sa matashin jarirai a ciki. Ki gwada da nauyin da aka rubuta masa a kati ranar rigakafin mako 6. Ta gwanjo daga Kasuwar Barci ba laifi ba ce, sau da yawa ma ta fi sabuwar jabu ƙwari, sai dai robar makulli tana tsufa ta yi tsagu, ki duba ta da rana, ki wanke ki shanya kafin ta taɓa jikinsa.

Akwai iri ɗaya da ko kyauta aka ba ki kada ki karɓa: mai kama da jakar rataye, hannu ɗaya a kafaɗa, jariri yana kwance a lanƙwashe can ƙasa bakin jakar ya rufe shi. A 2010 kamfanin Infantino ya janye irin wannan guda miliyan 1 daga kasuwar Amurka bayan jarirai 3 sun rasu a ciki saboda toshewar numfashi. Kayan da aka janye a can ba abin mamaki ba ne su ɓullo cikin dilar gwanjo a nan.

Juya fuskar yaro yana kallon titi, kamar yadda kike gani a hotuna, sai wuyansa ya tsaya sosai, wajen wata 5 zuwa 6, na ɗan lokaci, kuma da ya fara gyangyaɗi a juyo da shi. Madafa kuma ba wurin goyon gaba ba ce. Kina tuƙin tuwo ko suya, tukunya da mai suna daidai ƙafarsa. Aikin gida na bayan uwa ne: shara, wanki, daka, duk zani da majanyi sun fi kowace jaka, kuma su in yaro ya ɓata a wanke a shanya, kafin la'asar sun bushe. Ko a bayan ma, in ya fara miƙa hannu, ki kula da abin da ke bayanki.

Maganar maigidanki ita ta fi taɓa zuciyata. Surukarki ba mugunta take yi ba. Ta tashi a zamanin da uba ke kunyar ɗan fari, ko sunansa ba ya kira, balle ya ɗauke shi gaban mutane, kuma wannan kunya tarbiyya ce a wurinsu. Amma ba haram ba ne namiji ya ɗauki ɗansa. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama 'yar Zainab, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Mijin da ya ga matarsa da ɗinki a ciki ya ce kawo in ɗauka, ki gode wa Allah da ya ba ki shi. Sai dai wannan magana ba daga bakinki za ta fito ba, kada ki tsaya kina jawo wa uwar mijinki hadisi. Shi zai yi mata bayani a keɓe. In za ku je gaishe ta, ku bar jakar a mota, ki miƙa mata jikanta da zani da majanyi ki ce, Mama, ki koya mini yadda kike ɗaurawa. Za ta koya miki da farin ciki, kuma za ki ƙaru, don hannun da ya goyi 'ya'ya da jikoki ya san abin da ba a rubuta a kwali ba.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shigo bayan azahar. Ki fito mini da jakar da kwalinta da katin awonsa, kada ki sa shi a ciki kafin nan. Zan taho miki da majanyin saƙi guda da ya rage mini. Ki gaida maigidan da su Mama.

Goggonki.